Tsuntsun da Ya Ja Ruwa: Nazari a kan Littafin Tarihin Rayuwar Stu Ungar, Gwanin Karta

Gabatarwa

Wataƙila wani daga cikin 'yan'uwa marubuta ya ga kan wannan maƙala ya ce, "To, mu kuma ina ruwanmu da ɗan caca, ɗan cacar ma na Amurka?" Tambayar tana kan hanya. Haramcin caca ba abin jayayya ba ne a wurinmu, kuma ba don a koya wa kowa karta aka yi wannan rubutu ba. Abin da ya jawo shi wata matsala ce da ta daɗe tana damun masu rubuta tarihin rayuwar mutane. Idan marubuci ya ɗauki mutumin da yake so, sai littafin ya koma kirari. Idan kuwa ya ɗauki wanda ya lalace, sai ya koma wa'azi tun daga shafin farko, mutumin ya ɓace, a bar mai karatu da gargaɗi kawai.

Littafin da za mu duba ya ci karo da wannan matsala a mafi tsananin kamanninta, domin tauraronsa mutum ne da abokan sana'arsa da yawa suka sallama masa cewa ba a yi kamarsa ba, kuma shi ne dai ya rushe kansa da hannunsa. Sunan littafin One of a Kind, wato dai wanda ba shi da na biyu. Nolan Dalla da Peter Alson suka rubuta shi, aka buga shi a Amurka a 2005. Za mu dubi jigonsa da zubinsa, da inda ya yi nasara da inda ya gaza, sa'annan mu ga abin da mai sha'awar rubutu zai ɗauka.

Wasan da Ake Magana a Kai

Kafin mu shiga, ya kamata a san wasan a taƙaice. Foka wasan karta ne mai ganye 52. A nau'in da ake yi a babbar gasar duniya, ana ba kowane ɗan wasa karta biyu a rufe, sa'annan a baje guda biyar a tsakiyar tebur daki-daki, kowa yana da hakkin haɗa su da nasa. A kowane mataki ana zuba kuɗi. Mutum na iya ci ta hanya biyu: ko dai kartarsa ta fi ta kowa, ko kuma ya zuba kuɗin da zai tsorata sauran su janye, ko da hannunsa babu komai. Wannan ta biyun ita ce burga, kuma ita ce ta sa wasan ya zama na karanta fuska da sanin halin ɗan Adam, ba na sa'a zalla ba.

Benny Binion ne ya fara gasar duniya a gidan cacarsa na Horseshoe da ke Las Begas a 1970. Kuɗin shiga babbar gasar dala 10,000 ne. Ana ba kowa 'yan kwabban roba a madadin kuɗinsa, wanda nasa suka ƙare ya fita, har a rage saura mutum ɗaya.

Taƙaitaccen Tarihin Tauraron Littafin

An haifi Stu Ungar a birnin Niyok ranar 8 ga Satumba, 1953, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa yana da mashaya, kuma a cikinta yake karɓar kuɗin masu caca a kan wasanni da sukuwar dawaki. A nan yaron ya buɗe ido. Yana ɗan shekara 10 ya ci gasar wani wasan karta da ake kira jin rami. Mahaifin ya mutu da ciwon zuciya tun yaron bai kai shekara 15 ba, daga baya mahaifiyar ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ya bar makaranta ya kama karta gadan-gadan, a ƙarƙashin inuwar wani Victor Romano, ɗaya daga cikin mutanen ƙungiyoyin miyagu na birnin, wanda ya zame masa uba kuma garkuwa.

Bashin caca ya kore shi daga Niyok, ya bi ta Mayami, ya sauka Las Begas a 1977. Ya kuma yi wa wani shahararren gwanin jin rami mai suna Harry Stein cin kaca, wasa 86 ba ko ɗaya. Daga nan masu kuɗi suka daina zama da shi, dole ya koma foka. A 1980, yana da shekara 26, ya ci babbar gasar duniya bayan ya kayar da Doyle Brunson, wanda ya riga ya ci ta sau biyu. Saboda ƙanƙantar jikinsa da ƙuruciyar fuskarsa aka laƙaba masa sunan "Yaro". A 1981 ya sake ci, ya ɗauki dala 375,000.

Tun a wannan zamani hodar iblis ta shiga rayuwarsa. Aurensa ya mutu a 1986. Ɗan matarsa, wanda ya riƙa tamkar nasa, ya kashe kansa a 1989. A gasar 1990 an tsinci Ungar a sume a ɗakin otal a rana ta uku, amma kwabban da ya riga ya tara sun yi yawan da, duk da ba ya kan kujerarsa, sai da ya ƙare a na tara. A 1997, lokacin da aka riga aka cire rai da shi, abokinsa Billy Baxter ya biya masa kuɗin shiga. Cikin mutum 312 shi ya yi zarra, aka ba shi dala miliyan 1, suka raba biyu da Baxter. Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare. A 1998 Baxter ya sake yi masa tayin kuɗin shiga, bai iya fitowa ba. Ranar 22 ga Nuwamba, 1998, aka sami gawarsa a wani masauki mai araha da ake kira Oasis, yana da shekara 45, da kimanin dala 800 a jikinsa. Likitoci suka ce zuciyarsa ce ta gaza saboda shekarun da ya yi yana shaye-shaye. Sai da abokai suka yi karo-karo aka yi jana'izarsa.

Yadda Littafin Ya Samu

Asalin wannan aiki ba tarihin da wani zai rubuta a kan wani ba ne. Da farko an shirya Ungar ne zai ba da labarinsa da bakinsa, Dalla ya ɗauka a kaset ya rubuta. Sun yi zama da dama a 1998, sai mutuwa ta katse aikin. Bayan shekaru Alson ya shigo, suka bi iyalinsa da abokansa da tambayoyi, suka cike giɓin. Saboda haka littafin yana da murya biyu: ta marubutan, wadda ke jan zaren labari, da ta mamacin, wadda ake tsarma ta nan da can kamar yadda kaset ya ɗauko.

Yana da kyau kuma a lura da lokacin da aka buga shi. A 2003 wani akawu mai suna Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbin shiga ta intanet, ya ci gasar duniya cikin mutum 839. Wannan ya sa matasa suka yi ca a kan wasan, har a 2005 masu shiga suka kai 5,619. Ke nan littafin ya faɗo kasuwar da ke neman gwarzo, kuma wannan ya bar alama a jikinsa, kamar yadda za mu gani.

Jigo

Mai karatu mai gaggawa zai ce jigon littafin shi ne sharrin caca da shaye-shaye. Wannan gaskiya ne, amma ba sai an rubuta littafi guda ba kafin a san shi. A nawa ganin, abin da littafin ya tono ya fi haka zurfi.

Idan aka bi labarin a hankali za a ga cewa ba a teburin karta Ungar ya yi yawancin asararsa ba. A can shi ne mai ci. Inda dukiyarsa ta zurare shi ne cacar sukuwar dawaki, da cacar wasannin ƙwallo, da wasan golf wanda bai iya ba amma yake zuba dubban daloli a kai, sai kuma hoda. Wato yakan kwashe kuɗi daga inda basirarsa take aiki ya kai su inda ba ta da amfani ko kaɗan, domin doki ba shi da fuskar da za a karanta. Wannan ya nuna ba kuɗi yake nema ba. Abin da yake nema shi ne wannan faɗuwar gaban da ake ji kafin a san sakamako. Kuɗi a wurinsa tamkar kwabban robar nan ne, abin da ake shiga wasa da shi kawai. Mutum ne da miliyoyi suka ratsa hannunsa amma bai taɓa saba da ajiya a banki ba.

To, a nan gizo yake saƙa. Wannan raina kuɗi da ya talauta shi, shi ne kuma ya sa ya gagara a tebur. Ɗan wasan da ke tunanin kuɗin haya da na cefane, hannunsa zai yi rawa idan aka ce ya tura duk abin da ke gabansa. Ungar ba ya wannan tunani, shi ya sa yake iya turawa ba tare da ya ƙifta ido ba, abokan wasa su tsorata. Haka ma a jin rami. Masu wayon sana'ar sukan bar abokin wasa ya ɗan ci, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Shi kuwa ba ya iya sassautawa, sai ya murƙushe mutum ya kuma bi shi da baƙar magana, har ya kashe wa kansa kasuwa. Halin da ya ɗaga shi, shi ne ya kayar da shi. Saiwa ɗaya ce ta fitar da rassan biyu.

Babbar nasarar Dalla da Alson ita ce ba su raba mutumin gida biyu ba, a ce ga gwani a babin farko, ga mashayi a babin ƙarshe, kamar wani aljani ne ya shiga tsakani. Tun yana yaro a mashayar mahaifinsa mai karatu yake ganin abin da zai ɗaukaka shi da abin da zai halaka shi suna tafe tare. Wannan shi ne abin da ya raba tarihin rayuwa da jerin abubuwan da suka faru.

Zubi da Salo

An zuba labarin bisa tsarin shekaru, daga ƙuruciya zuwa kabari. Harshen marubutan mai sauƙi ne, irin na 'yan jarida, ba su cika tsayawa ado ba. Wannan ya dace da labarin, domin abin da ke faruwa ya isa ya riƙe mai karatu.

Gishirin littafin yana cikin muryar Ungar kansa. Idan ya karɓi magana sai a ji mutumin titi, mai cika baki, mai ban dariya, wanda ya san ciwonsa sarai amma ba shi da niyyar shan magani. Marubutan sun yi dabara da suka bar wannan murya yadda take, ba su wanke ta ba, ba su kuma bi kowace magana tasa da gyara ko tsawatarwa ba. Sukan ajiye abin da ya faɗa kusa da abin da wasu suka shaida, su bar mai karatu ya ga tazarar da ke tsakani. Mutum yana iya rantsuwa cewa babu abin da yake so kamar 'yarsa, kuma da gaske yake, ga shi a gasar 1997 yana ɗauke da hotonta yana nuna wa jama'a. Amma shafukan da ke biye suna nuna inda rabonsa na kuɗin gasar ya tafi. Ba a bukatar marubuci ya ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan.

Haka nan sun san amfanin ƙaramin abu. A wannan gasa ta 1997 Ungar ya sa wani tabarau mai kewayayyen gilashi shuɗi, ya sauko da shi kan karan hanci. Masu kallo sun ɗauka ado ne, alhali kuwa yana ɓoye hancin da hoda ta cinye ne. Wannan tabarau ɗaya ya fi shafi goma na bayani a kan illar shaye-shaye. Mai koyon rubutu ya riƙe wannan.

Inda Aka Gaza

Duk da haka littafin yana da rauni, kuma ba ƙarami ba.

Na farko, yawancin shaidunsa 'yan caca ne, su kuwa mutane ne da labari ke ƙara girma a bakinsu duk lokacin da aka maimaita shi. Ana yawan cewa abin da Ungar ya ci a rayuwarsa ya kai dala miliyan 30, amma ƙiyasi ne daga mutanen da ba sa ajiye littafin lissafi. Kuɗin gasa a rubuce suke, na bayan fage kuwa sai abin da aka ji. Marubutan ba su cika tsayawa su tace wa mai karatu wanne ne tabbas, wanne ne hirar dare ba. A irin waɗannan wurare tarihi yakan zame ya koma kirari.

Na biyu, an nuna mana sakamakon basirarsa, ba a shigar da mu cikinta ba. Ɗauki labarin da ya fi shahara, karonsa da Mansour Matloubi, zakaran 1990. Matloubi ya tura duk kuɗinsa, Ungar kuwa ba shi da komai a hannu, babbar kartarsa mai lamba goma ce. Ya dube shi, ya faɗa masa cewa huɗu da biyar yake riƙe da su ko biyar da shida, ya amsa. Aka buɗe, sai ga huɗu da biyar. Labari ne mai daɗi, amma abin da mai karatu yake ƙishirwa shi ne hanyar da tunanin ya bi ya isa can. Idan ba a ba shi wannan ba, gwanin ya zama kamar mai duba, a yi ta mamaki ba a fahimta ba.

A nan ne za a ga fifikon ƙagaggen labari. A 1866 marubucin Rasha Dostoevsky, wanda shi kansa caca ta jefa cikin bashi, ya yi shiftar wani gajeren littafi a kan ɗan caca cikin ƙasa da wata guda, don ya cika alkawarin da ya ɗaukar wa mai buga littattafansa. Tauraron ne yake ba da labarin da bakinsa, saboda haka mai karatu yana jin zazzaɓin daga ciki, yana ganin yadda mutum yake yi wa kansa ƙarya yana kuma yarda da ita. Mai rubuta tarihi ba shi da izinin ƙagawa, gaskiya ne, kuma mutuwa ta yanke hirar kafin a kai ƙarshe. Amma giɓin yana nan, ana jin sa.

Na uku, kashi na biyu na littafin yana da maimaici: a ci, a zubar, a sha, a ranto, a sake ci. Ana iya cewa haka rayuwar mashayi take. Sai dai aikin marubuci ne ya zaɓi aukuwa ɗaya da za ta wakilci goma, ba ya jero goman ba.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi a wurina, marubutan 'yan gida ne. Dukansu masu buga foka ne, Dalla ma ya yi shekaru yana jami'in hulɗa da 'yan jarida na gasar duniyar. Mutanen da suke ba da shaida a kan Ungar, cikinsu akwai waɗanda suka riƙa zuba masa jari suna karɓar kasonsu idan ya ci. Babu shakka wasunsu sun so shi, sun kuma yi ƙoƙarin raba shi da hoda. To amma tambayar da littafin bai matsa a kanta ba ita ce: wane irin gari ne, wace irin sana'a ce, da za ta ga mutum yana narkewa a gabanta, ta ci gaba da ajiye masa kujera muddin yana jawo 'yan kallo? Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma littafin ya tabbatar da haka. Abin da bai bincika sosai ba shi ne su wa suka tara ruwan a randunansu. A. Alvarez, mawaƙi kuma manazarci daga Ingila, wanda ya halarci gasar 1981 ya fitar da littafinsa The Biggest Game in Town a 1983, ya fi su iya kallon Las Begas da idon baƙo, don shi ba a nan tuwonsa yake ba.

Abin Ɗauka ga Marubuci

Ko ba jima ko ba daɗe, wani daga cikinmu zai zauna rubuta rayuwar wani makaɗi, ko ɗan dambe, ko attajiri, ko ɗan siyasa, wanda ya yi tashe sa'annan ya faɗi. Iyalinsa suna raye, almajiransa suna nan, kuma kowa yana da irin hoton da yake so a fitar. Jarrabawar da Dalla da Alson suka shiga ita ce za ta same shi.

Daga nasararsu zai koyi ya nemi saiwar halin mutum, ya bi ta tun daga ƙuruciya, kada ya ɗora faɗuwar a kan miyagun abokai ko sammu kawai don a huta. Zai koyi ya bar mutumin ya yi magana da harshensa, ya kuma amince cewa mai karatu yana da hankalin da zai yanke hukunci. Daga gazawarsu kuma zai koyi ya tambayi kowane mai ba da labari, a zuciyarsa, me wannan ya ci a hannun mamacin, me kuma yake so a manta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba cibiyar tauraro kaɗai ake nufi ba, har da ta waɗanda suka kewaye shi, har da ta marubucin kansa.

Kammalawa

One of a Kind ba gagarumin aikin adabi ba ne, kuma masu shi ba su yi da'awar haka ba. Littafi ne na gaskiya gwargwadon iyawar 'yan gida, wanda ya tsira daga zama wa'azi, ya kuma kusa tsira daga zama kirari. An shigar da sunan Ungar cikin jerin fitattun 'yan foka na tarihi a 2001, an yi fim a kansa a 2003, kuma har yau shi da Johnny Moss ne kaɗai aka lissafa wa babbar gasar sau uku. Wanda ya karanta littafin nan zai san duk wannan, amma abin da zai fi zama a ransa shi ne ɗakin masaukin nan da dala 800. Marubutan ba su ce masa ya ji tausayi ba, ba su kuma ce ya ɗauki darasi ba. Sun ajiye masa mutumin ne a gabansa, kuma wannan shi ne abin da nake fata mu riƙa yi wa namu mutanen idan mun ɗauki alƙalami.